Lafiya Uwar Jiki: Takardar Awon Zuciya Ba Ita Ce Alƙali Ba

Manomin da ya taso daga ƙasar Gude da ciwon ƙirji ya nufi asibiti a Mubi, mai yiwuwa ne a gwada shi da na'urar awon zuciya da ake kira isiji. Akan liƙa masa wayoyi 10 a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, sai na'urar ta fito da takarda mai zane yana hawa yana sauka. Idan gaɓar zanen da likitoci ke kira ST ta ɗaga, ko tudun da ake kira T ya kife, zaton farko shi ne jijiyar da ke shayar da zuciya jini ta toshe.

To, amma ba kullum zaton ke zama gaskiya ba. Tun 1954 wani likita mai suna Grusin ya bayyana a Afirka ta Kudu cewa baƙaƙen fata da yawa suna nuna irin wannan zane alhali kuwa ba su da ciwon zuciya. Haka kuma hawan jini da ya daɗe yakan kaurara tsokar zuciya har zanen ya sauya. Tarin fuka, wanda ba baƙo ba ne a ƙasar nan, yakan kumbura jakar da ta lulluɓe zuciya, sai ST ta ɗaga kusan ko'ina a takardar, mai ciwon kuwa yakan ji sauƙi idan ya zauna ya sunkuyo gaba. Ciwon ƙoda ma yana tara sinadarin fotasiyam a jini ya rikita zanen.

Kuskure a nan ba ƙarami ba ne. Allurar narkar da gudan jini tana ceton mai toshewar gaske, amma in aka yi wa mai kumburin jaka, jini na iya taruwa ya danne zuciyarsa. Wanda kuma aka sallama da cewa haka zanen baƙar fata yake, alhali toshewa ce, bai tsira ba.

Saboda haka likita mai lura yakan saurari bayanin maras lafiya tukuna, ya maimaita awon bayan minti 15 ko 30, domin zanen toshewa yana sauyawa, na halitta kuwa yana nan yadda yake. Inda da hali, sai a auna sinadarin tiroponin a jini. Tsohuwar takarda ma babbar shaida ce, sai dai rubutunta yana dusashewa, musamman a zafi, don haka wanda aka taɓa yi wa awon ya ɗauki hotonta a waya ya ajiye.