WA YA ZANA MUNA FUSKAR SARAUNIYA MANGU?

Yau kam da ƴar tsiya na zo, sai ku yi haƙuri da ni.

Makon jiya wani ɗan ƙanena ya turo mini hoto ta WhatsApp, ya rubuta a ƙasansa: "Baba, ga kakarmu Sarauniya Mangu." Na buɗe. Me zan gani? Wata mace bisa farin doki, sanye da sulken ƙarfe irin na finafinan Turai, kambun zinariya bisa kai, takobi na walƙiya a hannu, zaki na biye da ita, can baya kuma dutsi da ƙanƙara a ƙoƙuwarsa. Ƙanƙara hwa, a ƙasar Dan Kasari! Na kira yaron na ce masa, wa ya zana wanga? Ya ce na'ura ce, ana rubuta mata abin da ake so ta fiddo. Na ce to na'urar ta taɓa taka Lugu? Ya yi dariya. Ni ban yi ba, don kafin dare hoton ga ya zaga gungu huɗu da nike ciki, kowa na rubuta "Allah ya jiƙan mazan jiya", ba wanda ya ce uffan.

Bari in faɗi abin da kowa ya kamata ya sani. Babu hoton Sarauniya Mangu. Ranar 16 ga Afrilu 1899 da rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, harsashi da wuta sunka kawo, ba wanda ya zo ɗaukar hoto. Mutanenta sunka tare su cikin sarƙaƙiya da baka da kibiya mai dafi, anka ƙone gari, ita kuma ba ta shiga hannu ba. Fuskar da yawancinmu munka girma da ita a zuci ta Aï Keïta ce, ƴar wasan Burkina Faso da ta fito a fim ɗin Med Hondo na 1986. Shi Med Hondo ɗan Muritaniya ne, a Burkina anka ɗauki fim ɗin, kuma ya ɗora shi bisa ƙagaggen labarin da Abdullahi Mamani ya fitar a 1980. Fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Mun gode musu, Allah ya saka. Ba don su ba, da sunan Lugu bai ƙetare teku ba. Amma ku lissafa: alƙalamin wani, kyamarar wani, fuskar wata, yanzu kuma na'urar da ba ta san ƙwarya da akushi ba. Ina hannun Ba'are a cikin wanga aiki duka? Kayan aro ba ya rufe katara.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta a majalisa: "Zane ai ba al'adarmu ba ce, aikin Nasara ne." Wanda ya faɗi haka bai san ƙasar da ya taka ba.

A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da anka sassaƙa jikin dutsi, babban ya haura mita 5, kowane tabo na jikinsa an fidda shi ɗaya bayan ɗaya. Masana na ba su shekara 6,000 ko fiye. Lokacin nan babu Faransa, babu Ingila. A Bura, cikin ƙasar Tera, a 1975 anka ci karo da kawunan mutane na gasasshen yumɓu, a 1983 Bube Gado na jami'ar Yamai ya haƙa wurin, ya tono har da mahayi bisa dokinsa. Bayan da anka baje irin kayan ga a birnin Paris a 1993, sai ɓarayin kayan tarihi sunka yi wa yankin caa, suna tonowa suna saidawa waje, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ake tsoron salwantarsu. Ku ji abin kunya: baƙo na biyan miliyoyi ya mallaki abin da mu ke cewa ba namu ba ne.

In kuma an ce waɗanga duk aikin jahiliyya ne, to mu dawo cikin Musulunci, mu tafi Yama a jihar Tawa, nan kusa da mu. Falke Barmu manomi ne kuma magini. A 1962 ya gina wa garinsu masallacin Juma'a da ƙasa da itace. Daga 1975 ya sake masa rufi da bakuna da ƙubba, ya tada hasumiya huɗu, kowace da siffarta, ba wadda ta yi kama da ƴar uwarta. A 1986 masallacin ga ya ci kyautar Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan gini a duniya. Duk wanda ya ga hasumiyoyin Yama ya san mai sassaƙa ne ya yi su, sai dai laka ce dutsinsa. Kafin shi akwai Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Zariya a ƙarni na 19. Ku shiga unguwar Birni a Damagaram ku dubi zanen bangon gidaje. Ku dubi dagin da ke gaban babbar rigar da kuke sawa ranar Salla, da zanen ƙwaryar da uwayenmu ke jerawa a ɗaki, da aikin dukawa bisa kube da jaka. Wa ya koya muna waɗanga? Nasara?

Ko a zamanin ga muna da namu. Mustafa Alasan, wanda ya rasu a 2015, da hannunsa ya zana kwaɗin da sunka zama shugaban ƙasa da ministoci a fim ɗinsa Bon voyage Sim na 1966, tun ƙasashen Afirka da yawa ba su san ana tada zane ya yi motsi ba. Risa Iksa ya share shekaru yana zana rayuwar Buzaye. A watan Oktoba 2024 anka sa wa tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Yamai sunan Mustafa Alasan, anka kuma cire siffar Monteil daga dutsin da ta daɗe a kai, anka maye ta da ta Thomas Sankara. Wanga kaɗai ya isa ya nuna muku hoto ba wasan yara ba ne. Da wasa ne, da ba a ɗauki guduma an tafi kankare shi ba.

To matsalar ina take? Tana gidajenmu. Na san wani yaro a nan Dutsi, tun yana lakwal ya cika bayan littattafansa da zanen shanu da kasuwa da tsofaffi bisa tabarma. Ya sha bulala a aji, ya sha a gida. "Ɗan banza, zane zai ba ka tuwo?" Yau shi ke rubuta allon shagon aski da na masu cajin salula, ana taya masa jika biyu, a ce ma ya yi tsada. Hannun da zai iya zana muna tsaunukan Lugu yana can yana zana kan wani mawaƙin Amurka a ƙofar wanzami. Mu munka karya masa gwiwa, sannan mu ke yawo da hoton na'ura muna alfahari.

Yanzu ga ɓangare na biyu da nike da magana da su: masu cewa a yi wa Sarauniya ƙaton mutum-mutumi na tagulla kamar na Kwatano. Na ji zafin zuciyarku, amma ku tsaya. Mutum-mutumin jarumar Dahome da anka buɗe a Kwatano a 2022, mai tsawon mita 30, ɗan ƙasar Sin ne, Li Xiangqun, ya sassaƙa shi. Wanda ke bisa tudu a Dakar tun 2010 kamfanin Koriya ta Arewa ne ya gina shi, alhali a lokacin Sanagal na da Usman So, wanda a 1999 miliyoyin mutane sunka yi tururuwa kallon sassaƙarsa bisa wata gada a Paris. In munka bi wagga hanya, kuɗɗinmu za su tafi, a aiko muna da wata fuskar aro cikin kwantena, mu kafa ta mu yi ta tafi. Ashe mun canza ubangidan zane ne kawai.

Sannan akwai abin da ya fi wannan nauyi. Lugu ba kufai ba ne. Gari ne mai mutane, sarautar Sarauniya ba ta yanke ba, dutsin Tunguma da ake kai wa shari'a na nan, kuma tun 2006 Nijar ta sa Lugu cikin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. A al'adar gidan, Sarauniya mai zaman ɗaki ce, cikin farin zane, ba ta yawon nuna kanta. Ƙarfinta a wajen Azna daga alƙawarin da ke tsakaninta da ƙasa ya fito. To kai da ke zaune Yamai ko Abija, wa ya ba ka izinin ƙirƙira mata fuska, ka tuɓe mata lulluɓi, ka ɗora ta bisa doki da kambun sarauniyar Ingila? Ko ka yarda da addinin mutanen Lugu ko ba ka yarda ba, tarihin nasu ne kafin ya zama namu duka. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa zuba.

Batun hukuncin sassaƙa siffar mai rai kuwa, ni ba malami ba ne, na bar wa malamai fagensu, kuma ina girmama wanda ya ƙi shi don tsoron Allah. Sai dai kar a fake da wannan a kashe fasaha gaba ɗaya. Ban taɓa jin malamin da ya hana zana dutsi da itace da rumbu ba, ko adon bango, ko saƙa, ko gini.

Kuma tarihin zane na duniya ya nuna ba sai da fuskar jarumi ake tuna bala'i ba. Ranar 26 ga Afrilu 1937 jiragen yaƙin Jamus da Italiya sunka yi ruwan bama-bamai bisa wani ƙaramin gari a Sifen mai suna Gernika. Cikin ƴan makonni Pablo Picasso ya zana abin bisa ƙyalle mai faɗin kusan mita 8, da baƙi da fari da toka-toka kawai. Babu janar a ciki, babu tuta. Uwa ce rungume da gawar ɗanta tana kururuwa, da doki a soke, da mace cikin wuta, da karyayyen takobi. Yau zanen na birnin Madrid, kwafinsa da anka saƙa na rataye a ƙofar zauren Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Saboda hannun mutum ɗaya, duniya ba ta manta Gernika ba. Mu hwa? Bayan Lugu, a watan Mayu 1899 rundunar nan ta yi kisan kiyashi a Birnin Kwanni. Ta bi garuruwa tana ƙonawa har Dankori inda anka harbe Kanar Klobb ranar 14 ga Yuli, kafin sojojinsu su juya wa Voulet da Chanoine baki a wajen Maijirgi. Shekara 125 da ɗoriya ke nan. Ina zanen Kwanni? Ina na Lugu? Wane bango a Dogon Dutsi ko Tibiri yaro zai tsaya gabansa ya tambayi ubansa, "Baba, me ya faru nan?"

Ga abin da nike kira gare shi, kuma ba ya buƙatar biliyan.

Na farko, a fara da Lugu da Bagaji. A zauna da dattawan gidan a tambaye su me ya halatta a nuna, me bai halatta ba. Abin da sunka ce a bari, a bari.

Na biyu, magadan gari na Dan Kasari da Matankari da Dutsi da Tibiri su ware bango guda, na gidan matasa ko na lakwal ko na bakin tasha, su ba ƴaƴan yankin aikin, su biya su kuɗɗin ƙwarai. A zana tsaunuka da koguna inda mutane sunka ɓuya, sarƙaƙiya, kwari da baka, rumbuna na ci da wuta, farin zane a ƙofar ɗaki. A sa maginanmu da maƙeranmu da mata masu ginin tukwane cikin aikin. Maƙwabtanmu na Burkina sun yi irin haka a Lawongo tun 1989, inda Siriki Ki ya tara masassaƙa bisa duwatsun daji, yau wurin ya zama abin zuwa kallo daga ƙasashe. Mu da sunan garinmu ma dutsi ne, me ya hana mu?

Na ukku, ƴan kasuwarmu na Kwatano da Lome da Kano, ku da ke zuba kuɗɗi a gasar kokowa da ƙwallo, ku sa kyauta ɗaya a shekara don gasar zane ta ɗaliban Arewa. Fenti da burushi da takarda ba su kai kuɗɗin rago ba.

Na huɗu, uwaye da malaman lakwal, in kunka ga yaro na zane, ku aje bulalar. Ku ce ya gama darasinsa, sannan ku saya masa fensir.

Na biyar kuwa kyauta ne, ko dala ba ya ci: in hoton nan na sulke da ƙanƙara ya sake shigo muku, kar ku tura shi gaba. Ku tambayi wanda ya aiko, wa ya zana, kuma ya taɓa zuwa Lugu?

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya san wani mai zane ko magini ko masassaƙi ɗan yankin ga, ya faɗi garinsa da irin aikinsa a ƙasa, mu san juna. Wanda kuma bai yarda da ni ba, bismilla, fili a buɗe yake, amma a zo da hujja.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.