Man wiwi ga yara masu otizim: a buɗe buhu kafin a yi ciniki

Babu kasuwar da za mu shiga a ƙasar nan, daga babbar kasuwar Maraɗi zuwa kasuwar Dole ta Damagaram ko Katako ta Yamai, da za mu rasa uwa wadda ke zaune bakin kayanta alhali hankalinta yana gida. Tana da yaron da ya kai shekara huɗu ko biyar bai fara magana ba, in an kira sunansa ba ya waiwayowa, ba ya shiga cikin ƴan'uwansa wasa, ƙara kaɗan sai ya toshe kunnuwa ya yi ta kururuwa, wani lokacin har ya riƙa buga kansa da bango. Wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu ne, wasu su ce bakin mutane. Likitoci kuwa suna kiran wannan larura otizim, wasu kafofin labarai na Hausa suna ce mata galahanga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum ɗaya cikin 127 a duniya yana da ita. Gado yana da hannu sosai a cikinta. Ba laifin uwa ba ne, kuma bincike mai yawa ya nuna cewa allurar rigakafi ba ta kawo ta.

Irin wannan uwa, wadda ta gaji da yawon neman magani, ita ce labarin man wiwi yake samu ta wayar salula: wai a ƙasashen Turawa ana ɗiga wa yara man tabar wiwi a baki, su natsu, su yi barci, har su fara magana. Labarin yana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ya kamata mu zauna mu buɗe shi tiya-tiya, kamar yadda muke yi wa buhun gero kafin mu biya.

Da farko, ganyen wiwi yana ɗauke da sinadarai fiye da ɗari, amma biyu ne ake magana a kansu. Na farko shi ne THC, shi ne mai bugarwa, shi mashaya suke nema. Na biyu shi ne CBD, wanda ba ya bugarwa. Wani masanin Isra'ila, Raphael Mechoulam, shi da abokan aikinsa suka gano tsarin CBD a 1963, suka ware THC a 1964. Wannan ne ya sa Isra'ila ta riga sauran ƙasashe nisa a binciken, kuma daga can ne mafi yawan labarin yara masu otizim ya fito.

Gwajin da aka fi kafa hujja da shi an yi shi ne a asibitin Shaare Zedek na birnin Ƙudus, ƙarƙashin likita Adi Aran, aka fitar da sakamakonsa a 2021. An ɗauki yara da matasa 150, masu shekara 5 zuwa 21. Wasu aka ba su man da aka tace daga tsiron, wanda a cikinsa CBD ya ninka THC sau 20. Wasu aka ba su sinadaran biyu zalla a kan wannan awon. Wasu kuma aka ba su man da babu magani a ciki ko kaɗan, ba tare da iyaye ko likitocin da ke duba yaran sun san wanda ya samu wanne ba. Bayan mako 12, a ma'aunin likitoci, kashi 49 cikin ɗari na waɗanda suka sha man tsiron sun samu sauƙin fushi da tayar da hankali sosai, a yayin da kashi 21 na waɗanda suka sha man banza su ma suka samu sauƙi. To amma a ma'auni na biyu, wato tambayoyin da iyaye suke amsawa game da halin yaro a gida, ba a ga bambanci ba. Bugu da ƙari, kashi 28 na masu shan man tsiron sun yi ta fama da gyangyaɗi, wasu kuma sun rage cin abinci. Su kansu masu binciken sun ce hujjar ba ta cika ba, ana buƙatar ƙarin gwaji.

Mu duba wannan lissafi da idon ɗan kasuwa. Rabin yaran da suka sha maganin na gaske ba su samu wannan sauƙin ba. Yaro ɗaya cikin biyar da aka ba man banza, shi ma an ga ya gyaru, domin zuciyar da ke fatan sauƙi tana ganin sauƙi, kuma halin yaro dama yakan hau ya sauka. Saboda haka idan wata ta rantse mana cewa ta gwada a kan ɗanta ya yi aiki, ba ƙarya take yi ba, amma shaidarta ita kaɗai ba ta isa a ɗora ran yaro a kanta ba. Sannan ko a wannan gwaji babban abin da aka auna shi ne raguwar fushi da tayar da hankali. Babu gwajin da ya nuna man wiwi ya raba yaro da otizim.

Inda CBD ya samu cikakkiyar shaida shi ne farfaɗiya. A watan Yunin 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna Epidiolex, wanda CBD ne tatacce, domin wasu nau'o'i biyu na farfaɗiyar yara mai tsanani da ba ta jin sauran magunguna. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2019. Kuɗin da kamfanin ya sanya masa a lokacin ya kai dalar Amurka 32,500 a shekara, wato wajen miliyan 18 na sefa. Kuma shi ma ba a ba da shi sai likita yana auna jinin yaro lokaci-lokaci, domin yana iya taɓa hanta, musamman idan an haɗa shi da Dépakine, maganin farfaɗiyar da iyaye da yawa a nan suka sani. Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, domin yara masu otizim da dama suna da farfaɗiya, kuma wasunsu suna kan wannan maganin.

Ko a ƙasashen da suka buɗe ƙofa, bakin masana bai zo ɗaya ba. Wasu jihohin Amurka, irin su Minesota da Kolorado, sun sa otizim cikin larurorin da za a iya ba da wiwin magani dominsu, amma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwar yara da matasa ta ƙasar ta fito a 2019 ta ce kada a ba yara masu otizim, domin babu isasshiyar hujja. Faransa ta fara gwajin wiwin magani a watan Maris na 2021 a kan larurori biyar, daga ciki akwai farfaɗiya mai taurin kai da raɗaɗin sankara, amma ba ta sa otizim a ciki ba.

To me ya sa maganar take ta ƙara ƙarfi? Amsa ita ce kuɗi, kuma mu ƴan kasuwa ba sai an fassara mana wannan ba. A watan Disamban 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga jerin abubuwa mafi haɗari waɗanda ake ganin ba su da amfanin magani, da ƙuri'a 27 a kan 25. Maroko da Afirka ta Kudu sun goyi baya, Najeriya ta ƙi. Wannan ƙuri'a ba ta halatta wiwi ba, yana nan cikin jerin abubuwan da ake sa wa ido sosai, amma ta ba kamfanoni ƙwarin gwiwa. Lesoto ta fara ba da lasisin noma shi domin magani tun 2017, Maroko ta yi dokarta a 2021, Gana ma ta yarda a noma nau'in da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Kaya in sun yi yawa dole a nema masu masaya, kuma babu mai saye da ya kai uwar da ɗanta ke wahala saurin buɗe lalita.

Haɗarin da muke hango wa ƙasarmu iri biyu ne. Na farko shi ne kwalbar da za ta shigo cikin kaya daga Kwatano, Lome ko Dubai, ko ta kan iyakar Ɗan Isa da Magarya, da rubutun CBD da hoton ganye a jiki. A 2017 masu bincike a Amurka sun sayi irin waɗannan kayan guda 84 ta intanet suka auna. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai abin da ke ciki ya dace da abin da aka rubuta, kuma an samu THC a cikin guda 18. Idan a ƙasar da ke da ɗakunan awo haka ta kasance, ina ga kwalbar da ta kwana cikin rana a kan farantin mai talla? Mun ga yadda Tramol ya shigo mana. Magani ne na gaske, na rage raɗaɗi, amma da ya bar hannun likita ya faɗa tebur, sai ga ƙwayoyi masu ƙarfi fiye da ƙima a aljihun ƴan kabu-kabu, ƴan dako da yaran shago. Har yau muna biyan wannan bashin.

Haɗari na biyu ya fi muni: uwa ta ji an ce wiwi magani ne, ta aika a sayo mata ganyen a bayan tasha, ta dafa ko ta jiƙa ta ɗura wa yaro. Wiwin mashaya an noma shi ne domin ya bugar, THC ne ya yi masa yawa, CBD kaɗan, wato akasin abin da aka gwada a Ƙudus. Ƙaramin yaro in ya haɗiye shi yana iya yin barcin da ba a iya tashinsa, numfashinsa ya yi rauni, sai an garzaya da shi asibiti. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai ya haura shekara 20, kuma THC yana iya jawo firgita da taɓin hankali ga matasa. Yaron da ba ya magana kuwa ba zai iya gaya mana abin da yake ji ba. Za mu ga ya yi shiru mu ce ya samu sauƙi, alhali buguwa ya yi.

Kada kuma mu manta da doka. A Nijar, dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999 ta hana noman wiwi, sayar da shi da riƙe shi. A watan Maris na 2021 hukumar OCRTIS ta kama tan 17 na ƙaron wiwi a wani sito a Yamai. Ɗan duwan ko jandarman da ya samu kwalaben man wiwi cikin kayanmu ba zai tsaya karanta labarin Isra'ila ba. Jarin shekara goma yana iya tafiya a kan katan ɗaya.

Ba muna cewa a rufe ido ga binciken ba. In nan gaba gwaje-gwaje suka tabbatar da amfanin CBD ga waɗannan yara, hanyarsa a bayyane take: ma'aikatar lafiya ta yi masa rajista, ya shigo ta farmasi, likita ya rubuta awonsa gwargwadon nauyin yaro, malamanmu kuma su yi bayanin hukuncinsa a matsayin magani. Kafin wannan rana, abin da muke roƙon hukumomi shi ne wanda ya fi kusa: a horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa da ƙauye su gane alamun otizim tun yaro yana shekara biyu, a samar da masu koyar da magana a manyan biranen jihohi ba Yamai kaɗai ba, maganin farfaɗiya ya daina yankewa, makarantu kuma su daina mayar da irin waɗannan yara gida.

Mu ma akwai namu. Yaron da ke buga kansa a kai shi likita a duba ko haƙori ne, ko kunne, ko cushewar ciki, ko farfaɗiya, domin sau da yawa ciwon da ya kasa faɗa ne yake fitowa ta fushi. In abin ya tsananta, akwai magunguna irin su risperidone da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su domin wannan fushin tun 2006, su ma da nasu illolin kamar ƙiba, shi ya sa sai da takardar likita. A gida, a tsayar masa da lokacin ci da na barci, a rage masa hayaniya, a koya masa nuna abin da yake so da hannu ko da hoto, a yaba masa in ya yi. Aiki ne mai cin lokaci, amma shi ne masana suka fi yarda da amfaninsa. Maƙwabciyar rumfa kuma, taimakon da za ta yi wa uwar yaron shi ne ta tsare mata kaya ranar zuwa asibiti, ta kuma hana yaran kasuwa tsokanarsa, maimakon ta turo mata lambar mai magani.

Mu da ba mu sayen atamfa sai mun murza ta, ba mu karɓar buhun shinkafa sai mun soka mun gani, bai kamata mu zuba wa ƴaƴanmu abin da ba mu san awonsa ba. Duk wanda ya zo mana da kwalba ya ce tana warkar da otizim, mu tambaye shi wace hukuma ta auna ta, wane likita zai bi lafiyar yaron, wa zai ɗauki alhaki in ya kasa farkawa. In ya rasa amsa, ya ɗauki kayansa ya yi gaba. Allah ya ba yaranmu lafiya, ya ƙara wa iyayensu haƙuri da juriya.