Fis ɗin da ya ƙone ba shi ne mai laifi ba

Idan wuta ta haɗe a mota, abin da mai ita ke fara gani shi ne fitila ta mutu, ko gilashi ya ƙi sauka, ko rediyo ya yi shiru. A gareji da yawa, maganin da aka saba da shi ɗaya ne: a zaro fis ɗin da ya ƙone, a sa sabo. In sabon ya sake ƙonewa, a sa wanda ya fi shi ƙarfi. In shi ma ya tafi, a yanko zaren waya ko takardar azurfa ta kwalin sigari a cusa a gurbinsa. Fitila ta kama, an biya kuɗi, an rabu ana murna, alhali an bar motar da wuta a gindinta.

Fis siririn ƙarfe ne da aka ƙera domin ya narke kafin waya ta narke. A mota, kan batir na ragi a jikin ƙarfen motar yake ɗaure, saboda haka gangar jikin ce hanyar da wuta ke bi ta koma gida. Da zarar robar wata waya ta saɓule ta taɓa ƙarfe, wutar za ta yanke hanya ba tare da ta bi ta ƙwan fitila ko wani abin da zai rage mata ƙarfi ba. Batirin da ke iya ba wa sitata ɗaruruwan amfiya ba zai ji nauyin gasa siririyar waya ba. Zafin kuma ba ya hawa a hankali: in wutar ta ninka biyu, zafin da waya ke sha ya ninka huɗu. Shi ya sa launin fis yake da ma'ana, ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Wanda ya sa kore a gurbin ja ya yanke hukuncin cewa wayar ce za ta ƙone a madadin fis, ita kuwa tana cikin dami ɗaya da wasu wayoyi da dama, a bayan dashbod, kusa da roba da soso.

Hanyar gano ainihin ciwon ba sirri ba ce, ba ta kuma da tsada. Ƙwararren mai wayarin yakan haɗa ƙwan fitila a gurbin fis ɗin. Muddin wayar na taɓa ƙarfe, ƙwan zai haska sosai, kuma shi zai hana wutar yin yawa. Sai ya riƙa cire abubuwan da ke kan layin ɗaya bayan ɗaya, yana girgiza damin wayoyi, har hasken ya dushe. Inda ya dushe, nan ɓarnar take. Sau da yawa ana samunta a robar da wayoyi ke bi tsakanin ƙofa da jikin mota, inda buɗewa da rufewa ke karya su, ko a murfin but, ko inda ɓera ya yi ɓarna, ko inda ruwan damina ya shiga. Wuri mafi yawan zargi shi ne inda aka yi ƙari: rediyo, ƙararrawar ɓarayi, na'urar bibiyar mota, waɗanda aka murɗa wayarsu da hannu aka naɗe da salatif.

Me ya hana a yi hakan kullum? Laifin ba na masu gyara ba ne su kaɗai. Mai mota yakan biya kuɗin kayan da aka sauya ba tare da musu ba, amma in aka ce ya biya kuɗin sa'o'i uku na bincike, wanda ƙarshensa naɗe waya guda ne, sai ya ga an cuce shi. Wanda ya san aiki ya zama mai ɓata lokaci, mai cusa zaren waya ya zama gwani. Lauya da likita suna karɓar kuɗin dubawa kafin su taɓa komai, kuma su ne a wasu lokuta kan tsaya a kan mai wayarin suna duba agogo.

Motocin da ke shigowa yanzu sun ƙara wa wannan ɗabi'a tsada. Tun 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, wanda ake jona kwamfuta a karanta kuskuren mota, sai dai kwamfutar layin da ke da matsala take nunawa, ba ta nuna inda waya ta saɓule. Tsohuwar dabarar nan ta cire kan batir mota na aiki don a gwada caji ma ta zama ganganci, domin wutar na iya yin tsalle ta lalata ƙwaƙwalwar mota. Mita na ba da amsa cikin daƙiƙa kaɗan: wajen bolt 12.6 in mota na kashe, kusan 14 in tana aiki. Idan ƙwaƙwalwar ta tafi, sai neman wata a Ƙofar Ruwa ko Fanteka, kuma a motoci da yawa sai an sake daidaita ta da makulli kafin injin ya yarda ya tashi.