Kartar Tsuntsaye: Mu Yi Tamu

'Yan'uwa manoma, mun san da jin kalmar karta wasu dattawanmu za su ɗaure fuska, domin sun ga yadda caca ta cinye kuɗin rake a hannun samari. Ku yi haƙuri ku ji ta wannan tukuna.

Wani baƙo ya kawo mana wani wasa mai suna Wingspan, muka gwada shi da matasan ƙungiya a Ikara. Wata mata 'yar Amurka, Elizabeth Hargrave, ita ta tsara shi, ya fito a 2019. Kati 170 ne, kowanne da hoton tsuntsu ɗaya, da abincinsa, da irin sheƙarsa. Mutum ɗaya zuwa biyar ke yi, zagaye huɗu, ba a sa ko kwabo. A gaban kowa akwai kurmi da fili da fadama. Ba ka da ikon ajiye tsuntsu sai a inda yake zama, sai kuma ka biya shi abincinsa: tsutsa, ko tsaba, ko kifi, ko 'ya'yan itace, ko ɓera.

Nan ne amfaninsa yake. Da katin mujiya ya fito, aka ce ɓera take ci, sai wani yaro ya yi shiru, can ya ce ai bara sun jefe ɗaya a bayan rumbu don an ce tsuntsuwar mayu ce. Rumbun nan kuwa ɓeraye ne suka gama da masarar cikinsa. Mun sha faɗin wannan a taro ba a ji ba, kati ɗaya ya faɗa aka ji.

Amma ba mu ce ƙungiya ta saya ba. Daga waje ake kawo shi, kuɗinsa gara a sa a taki. Rubutun duk Turanci ne, dokokin ma sai da muka ɓata yamma guda kafin mu gane. Babban aibinsa kuma, tsuntsayen akwatin na Amurka ta Arewa ne. Babu shamuwa mai gaya mana damina ta kusa. Babu belbela mai bin shanu tana tsince fara, balle jan-baki da ke hana mai gero barci. Babu ungulu, wadda da take cika mahauta, yanzu sai a daɗe ba a ga ɗaya ba. Tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Gauraka kuwa, ku tambayi yaran Kudan wa ya taɓa ganin ta.

To, kwali bai yi wuya ba. Kowace ƙungiya a Ikara da Makarfi da Kudan ta zauna da tsofaffinta da mafarauta, a rubuta tsuntsu 20 da Hausa: abin da yake ci, inda yake sheƙa, watan da yake zuwa. Masu ɓarna ma a sa su, kada a ɓoye. Yaran makaranta su zana hoto. Ku zo da su taro na gaba, mu za mu kawo almakashi da alli mai launi.