Marayun Dawa Ma Amana Ne A Wuyanmu

  

Ya ɗan'uwa mai karatu, kwanakin baya na fito daga kasuwar Sabon Gari zan nufi Fagge, sai na ga wani saurayi a bakin titi riƙe da jaririn jan biri, an ɗaura masa igiya a ƙugu. Girmansa bai wuce tafin hannu biyu ba, ya ƙanƙame hannun saurayin yana karkarwa, yara sun kewaye shi suna tsokana. Wani dattijo da tausayi ya kama shi ya sa hannu a aljihu zai saya, don ya raba shi da wahala. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma ina ganin aikin kuskure ne, kuma dalilin rubuta wannan maƙala ke nan.

Mu fara tambayar kanmu: ta yaya jaririn biri ya zo hannun mutum? Biranya ba ta yar da ɗanta, yana manne a cikinta duk inda ta sa ƙafa. Mafi yawan lokaci sai maharbi ya harbe uwar sannan yake ɓamɓare ɗan daga gawarta. Saboda haka duk jaririn da ka gani ana talla maraya ne, kuma kuɗin da ka biya ladan wanda ya kashe uwar ne. Gobe zai koma daji ya samo wani, tunda ya gane akwai kasuwa.

Wanda ya san wahalar renon irin waɗannan marayu ba zai ɗauki al'amarin wasa ba. A Kalaba ta Jihar Kuros Riba akwai wata cibiya da Liza Gadsby da Peter Jenkins suka kafa a 1991, domin karɓar marayun wani irin biri mai baƙar fuska da ba a samunsa sai a kurmin kudu maso gabashin Nijeriya da yammacin Kamaru da tsibirin Biyoko. A irin waɗannan wurare, maraya sabon zuwa sai an keɓe shi makonni ana duba lafiyarsa, domin cuta na ratsawa tsakanin biri da mutum. Ana ba shi madara a kwalba bayan kowane 'yan sa'o'i, dare da rana. Wani ba ya iya barci sai ya riƙe jikin mai kula da shi ko wani tsumma, saboda ya saba da ɗumin uwa. In ya yi ƙwari sai a haɗa shi da 'yan'uwansa a hankali, ya koyi zaman garke, don birin da ya tashi cikin mutane bai san abincin daji ba, bai san abin gudu ba. Wannan aiki ne na shekaru. To, ina mai gidan haya a Fagge zai samu halin yinsa? Abin da aka saba gani shi ne, da zarar birin ya girma ya fara cizo, sai a ɗaure shi da sarƙa a bayan gida har ya mutu.

A nan Kano muna da gidan namun daji da Gwamna Audu Bako ya gina a farkon shekarun 1970, wanda kowa ya sani da Gidan Zu. Jama'a na tururuwa can ranakun Sallah, amma kaɗan ne ke tuna ma'aikatan da ke sammako su share keji, su wanke kwatami, su sauya ruwa, su yanka nama ga zaki da kura, su kawo ciyawa da dusa ga barewa da jimina. Dabba ba ta san ranar hutu ba, ba ta san albashi ya makara ba. A bazara sai an nema mata inuwa, a hunturu sai an tare mata iska. Kuma aikin na da haɗari, kamar yadda aka gani a watan Oktoba na 2019, lokacin da zaki ya kuɓuce daga kejinsa ya jefa unguwannin kewaye cikin fargaba kafin ya koma. Mai yin wannan aiki da amana ya cancanci girmamawa, ba a riƙa yi masa kallon mai kwasar kashin dabbobi ba.

Na san wani zai ce: Malam, marayun bil'adama sun cika tituna, abinci ya yi tsada, kai kuma kana kukan marayan biri? Amsa ita ce, haƙƙin mutum yana gaba, babu jayayya. Amma rahama ba kwanon tuwo ba ce da za ta ƙare idan an ɗiba wa dabba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Sun kuma ruwaito labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana karkaɗa fukafukai, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarta a mayar mata da su. In an hana raba tsuntsuwa da 'ya'yanta, yaya hukuncin kashe uwa don sayar da ɗanta ga masu wasa?

Ban da haka, ɓacewar dabba hasara ce ga mutum kansa. Dattawan Fagge za su ba ka labarin yadda ungulaye ke cika Abbatuwa, suna jeruwa a kan rufi da itatuwa, suna share abin da mahauta suka zubar. Yau yaro na iya girma a Kano bai taɓa ganin ungulu ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sanya ungulun da muka sani cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Daga cikin manyan dalilai a Afirka ta Yamma akwai farautarta don sayar da kai da sassan jikinta ga masu tsubbu da bokaye, wato an haɗa zunubi biyu, cutar da halitta da neman biyan buƙata ta hanyar da ba ta halatta ba. Mu dubi Indiya: a shekarun 1990 wani maganin shanu ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan yawo suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru, har sai da gwamnati ta haramta maganin a 2006. Haka gauraka, tsuntsun da ake alfahari da shi a matsayin alamar ƙasa, ya yi wuyar gani a fadamunmu, alhali ana ganinsa a gidajen masu hali an datse masa fiffike.

Kada a ce gyara ba zai yiwu ba, domin maƙwabtanmu sun nuna yana yiwuwa. A 1996 raƙuman dawa 49 kaɗai suka rage a yankin Kure kusa da Yamai, su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma. Gwamnatin Nijar ta hana farautarsu, manoma suka yi haƙuri da ɓarnar da suke yi wa wake, samari suka zama masu rakiyar baƙi suna samun abin kansu. Zuwa 2018 sun haura 600, har aka ɗebi guda 8 aka kai dajin Gadabeji a Jihar Maraɗi, inda suka daɗe da ɓacewa. Keɓe daji ba baƙon abu ba ne a Musulunci, domin Manzon Allah ya keɓe makiyayar Naƙi'u, Sayyadina Umar kuma ya keɓe ta Rabaza. Mu ma muna da dajin Falgore, muna kuma da Doka ta 11 ta 1985 da ta hana fataucin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka tsananta tararta a 2016. Dokar na nan a rubuce, aiwatarwa ce ta yi ƙaranci.

Saboda haka muna kira. Kai magidanci, kada ka sayi jaririn biri ko aku ko gauraka, ko don tausayi ko don yara, ka sanar da jami'an kula da gandun daji. Idan masu wasa da kura da biri suka shigo unguwa, kada ka jefa musu kuɗi, domin kuɗinka ne ke sayen takunkumin. Shugabannin kasuwar Sabon Gari su sa ido a kan abin da ake kasawa a ƙarƙashin ikonsu. Limamai su ware huɗuba ko da sau ɗaya a shekara a kan haƙƙin dabbobi, malaman Islamiyya su kai ɗalibai Gidan Zu don tunani a kan halittar Allah, su hana jifa da tsokana. Gwamnati kuma ta tabbata abinci da magani da haƙƙin ma'aikata ba sa yankewa, domin wanda ya kulle dabba ya ɗauki nauyin cinta da shanta, kuma za a tambaye shi.

Dattijon nan kuwa, bayan mun yi magana ya mayar da kuɗinsa aljihu, ya ce wa saurayin ya ji tsoron Allah. Saurayin ya ja igiyarsa ya yi gaba, ya shige cikin cunkoson kasuwa.

Allah Ya sanya tausayi a zukatanmu, Ya yafe mana abin da muka cutar da sani ko da jahilci.