Tsakanin Fijo 504 Da 406, Wace Ce Ta Talaka?

Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan gardamar da samari ke yi a tashar Dambatta, wai 406 ta fi 504 nesa ba kusa ba.

A kan kwalta kam, gaskiyarsu. Ga gudu, ga sanyi. Amma 504 ma ba kanwar lasa ba ce. Ita ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka fara haɗa Fijo a Kaduna, kuma a hanyar laka da ƙura irin tamu aka yi shi.

Ƙafafun baya ke janta, in an lafta mata buhunan gero ƙara kama ƙasa take yi. In ta tsaya, makaniken bakin kasuwa ya busa kafireta, shi ke nan. Bara kuwa wata 406 ta mace mana da kayan gwari, sai da aka ɗauko mai kwamfuta daga Kano. Tumatirina ya ruɓe.

'Yan'uwana manoma, kafin ka sayar da amfanin gona ka sayi mota, dubi hanyar garinku tukuna.

Naku,
Wani manomi,
Dambatta, Jihar Kano.