Selkirk: garin da ke zagaye iyakarsa a kan doki kowace shekara

Wanda ya yi karatun tarihi a lakwal ya san sunan Mungo Park, Baturen da ya bi kogin Isa da jirgin ruwa, ya ratsa ƙasar da ta zama Nijar a yau, ya je ya halaka a Busa a 1806. Kaɗan ne suka san garinsu. An haife shi a 1771 a Foulshiels, kusa da Selkirk, wani ƙaramin garin kasuwa a kudancin Sikotland, kuma mutum-mutuminsa yana tsaye a babban titin garin har yau. Amma a ganina, abin da ya fi cancanta mu sani game da Selkirk shi ne hawan dawakin da suke yi duk watan Yuni.

Mutanen garin ba su kai dubu shida ba. A da an san su da ɗinkin takalma, daga baya da masaƙun ulu a bakin kogin Ettrick, waɗanda yawancinsu sun rufe. A dandalin kasuwa akwai tsohuwar kotun da marubuci Walter Scott ya yi alƙalanci, muƙamin da ya riƙe daga 1799 zuwa rasuwarsa a 1832. Sana'o'i sun zo sun wuce, hawan kuwa yana nan.

Ga yadda ake yin sa. Ana zaɓen saurayi ɗan gari a damƙa masa tutar garin. Da sassafe ya shige gaba, ɗaruruwan mahaya na biye da shi, su haye kogi, su hau tudu har wurin tarin duwatsu uku da ake kira Three Brethren, su zagayo iyakar filin gayya na garin. Asalin abin aiki ne: a tabbatar cewa manyan masu gonaki na maƙwabta ba su ci iyakar makiyayar talakawa ba. Idan an dawo, sai a taru a dandalin kasuwa a kaɗa tutoci don tunawa da yaƙin Flodden na 1513, inda Ingila ta murƙushe Sikotland, har Sarki James na 4 ya mutu a fagen daga. Ruwayar garin ta ce mutum 80 suka tafi, ɗaya tak ya dawo, mai suna Fletcher, riƙe da tutar abokan gaba. Ya kasa magana, sai ya kaɗa tutar ya sunkuyar da ita ƙasa.

Wani zai ce ai yanzu akwai taswira da takardun mallaka, hawan ya zama biki kawai da ɓarnar kuɗi. Ban yarda ba. Takarda tana kwance a ofis, mutum biyu ko uku suka san abin da ke cikinta. Iyakar da jama'a suka taka da ƙafar doki kuwa, yaro ma ya san inda ta tsaya, kuma mai son cin ta sai ya fara fuskantar gari gaba ɗaya. Har yanzu Selkirk tana da gonaki na gayya da ake riƙe su da sunan mutanen garin.

Mu ma muna da dawaki, muna da hawan salla a Maraɗi da Damagaram. Muna da dokar ƙasar karkara tun 1993 da kwamitocin kula da filaye. Duk da haka burtali yana ƙanƙancewa, makiyaya na komawa gona ko fegi, kuma kowace kaka sai an ji rikicin manoma da makiyaya. Shawarata ga hakimai da magadan gari ita ce su ware rana ɗaya a shekara, kafin damina, da manomi da makiyayi da matasa za su zagaya burtali da makiyayar gari tare, a bainar jama'a, a duba ko alamomin iyaka suna inda aka dasa su.